Hannun Yashi

A garinmu Tarai har yau in ka ce Huseina ƙwararriyar 'yar wasan golf ce, sai a tambaye ka ko abin ci ne. Ni ƙanwarta ce, na gaji da bayani.

Babanmu, Malam Gwadabe, ya yi shekara talatin yana gyaran filin wasan a Kano. A can ba ciyawa a bakin ramin da ake jefa ƙwallo, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, shi kuma yana jan tsohon buhu a kai don ya kwanta. Ƙwallo ba ta gudu a yashi, sai an buge ta da ƙarfi. Haka ya koya wa Huseina tun tana ƙarama, har hannunta ya haddace.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta fara fita gasa. Murja tela ta ɗinka mata hijabi mai faɗin hammata don kada ya riƙe sanda. Da aka hana mata hawa acaɓa, sai ta riƙa cusa jakar sanduna a Adaidaita Sahu, direbobi suna mita. Duk wannan bai dame ta ba. Burinta ɗaya: ta ɗora kofi a cinyar Baba.

Amma manyan gasa a kudu ake yi, a kan ciyawa mai santsi. Za ta kai bakin rami kafin kowa, sai hannun yashi ya tashi, ƙwallo ta wuce. Shekara goma sha huɗu ana haka. Ta zo ta biyu, ta zo ta huɗu, kafaɗa ta fara ciwo, Baba ya makance ya dawo Tarai. Wallahi ni kaina na ce ta haƙura.

A gasarta ta ƙarshe, taku uku ya rage tsakaninta da kofi. Ƙwallo ta leƙa ramin ta wuce abinta.

Ta iso gida da la'asar, ta durƙusa gaban Baba hannu wofi.

"Da ƙarfi kika buga?" ya tambaya.

"Yadda ka koya mini, Baba."

Ya lalubo hannunta na dama ya riƙe.

"Ki yafe mini, Huseina. Yashi kaɗai na sani."