Jimlar da Ta Kayar da Zauren Malamai

Ranar da na ga abin da aka yi wa katangar zauren nan na kusa da Sifawa, har gobe ba ta fita a raina ba. Lokacin mulkin farar hula na biyu ne, an shiga tsuke bakin aljihu. Ni ƙaramin jami'in watsa labarai ne a Boɗinga, mataki na shida. Aikina rubuta sanarwa. Shugaban sashe ya duba ya sa hannu, sannan a kai gidan rediyo a Sakkwato.

Zauren ginin ƙasa ne, an ce tun zamanin jihadi malamai ke karantarwa a cikinsa. Wani dattijo, Malam Attahiru, shi ya gaji kula da shi. Azarar rufin ta ruɓe, ga damina tafe, gwamnati kuwa ta ce babu. Sai shugabanmu, Alhaji Ladan, ya kira ni.

"Mamman, tunda ba kuɗi, a tallata wurin. Jama'a su zo ziyara, mai hali shi taimaka a sayi azara."

Na zauna na tsara sanarwa ba tare da na je na gai da Malam Attahiru ba, balle in tambaye shi. Don ta yi daɗin ji, na rufe ta da cewa, "Ku zo ku ga wurin da ko ƙasarsa albarka ce." Alhaji ya karanta, ya yaba, ya sa hannu. Aka yi mako biyu ana karanta ta bayan labarai.

Sai muka ji a-kori-kura na ta sauke mutane daga Dingyaɗi, Shagari, har Horo Birni. Muka yi murna. Ran wata Litinin da hantsi muka shiga motar ofis mu je mu gani.

Da na sauko, sai idona ya faɗa kan ginin. Gindin katangar gabas, daga ƙasa har ƙugun mutum, an ƙwaƙule shi. Wasu ramukan hannu na shiga har gwiwa. Mata na ƙulle ƙasa a bakin zane. Ga wani magidanci durƙushe yana kankara da wuƙa cikin kwano. Na riƙe hannunsa na ce, "Bawan Allah, me kake yi haka?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai rediyo tac ce ƙasar albarka ce. Iyalina ba su da lahiya, zan jiƙa musu."

Malam Attahiru na zaune gefe, muryarsa ta dishe saboda hana mutane. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce, "Wane ne a cikinku yar rubuta wanga zance?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Tun ina saurayi nike yaɓe katangar ga duk shekara, ruwa bai ci ta ba. Da kun tambaye ni, da na hwaɗa muku mutanenmu ba su jin rediyo da wasa."

A ranar aka dakatar da sanarwar, aka sa dogarai, aka tokare katangar da itace. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Katangar ta zube, rufin ya biyo ta. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki. Taimakon da aka tara ya sayi azarar, aka kawo ta a mota, aka jibge a gaban ɓaraguzai.

Aka ba ni takardar tuhuma, wato in rubuta dalilin da zai hana a hukunta ni. Alhaji Ladan ya karɓe ta ya ce shi ya sa hannu, shi zai amsa. Bayan kaka mutanen gari suka yi gayya suka ta da sabon zaure. Ya yi kyau, amma ba wancan ba ne, Malam Attahiru kuwa bai ƙara karatu a ciki ba har ya rasu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da kuka rubuta don ado, akwai mai ciwo a gida da zai ɗauke shi a kan gaskiya. Kafin ku tallata wuri, ku je ku durƙusa gaban mai tsaronsa, ku karanta masa sanarwar tukuna.