Notukan da Ban Koma An Ɗaure Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Masta Mumuni makwancinsa a Yendi. Mijin yayata Fati ne, bakanike, kuma a zamaninsa duk direban babbar mota da ke bin hanyar Salaga zuwa Bawku ya san rumfarsa. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Doyar matan kasuwar Salaga nake ɗauka in kai Bawku, in dawo musu da albasa. Yanzu gwiwa ta hana ni taka kuloci, sai zama a tasha ina kallon masu tafiya.

Motata mai turbo ce, wato injin da ake dura wa iska da ƙarfi don ya ja kaya. Ni kuma ban taɓa ƙoshi da ƙarfinta ba, saboda hawan Nakpanduri yana cin rai idan mota ta cika. Na sa aka ƙara mata iska da mai. Ta yi gudu kam, amma sai gasket, faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya fara ƙonewa. Ruwa ya riƙa tafasa a lagireto, hayaƙi ya yi fari, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sau uku ina sauya shi a cikin kaka ɗaya.

A na ukun aka jawo ni Yendi. Masta ya shafa fuskar injin da tafin hannu, ya ce, "Iddi, faifai ba zai riƙe wannan wutar shi kaɗai ba. Sai mun ba shi haƙori."

Abin da yake nufi shi ne aikin da ya yi suna a kai. Yakan feƙe siririn tsagi a kewayen bakin kowane ramin fistin, ya dasa wayar ƙarfe a ciki, ya bar kanta ya ɗan leƙo kamar kaurin gashi. Idan aka ɗaure kan injin, wayar ta ciji gasket ta kowane gefe, wuta ba ta samun hanyar tserewa. Ta leƙo da yawa, kan inji ba zai zauna ba. Ta nutse, an yi aikin banza. Kwana huɗu ya yi a kan nawa, yana awo yana sake awo, ni kuma ina zagaye rumfar ina tunanin doyar mutane.

Da ya gama ya gindaya mini sharaɗi biyu. Kada in ƙara taɓa turbo. Sa'an nan in na yi sawu ɗaya, inji ya yi zafi ya huce, in dawo ya sake ɗaure notukan kan injin.

Ban cika ko ɗaya ba. Kasuwa ta buɗe, mota tana tashi kamar sabuwa, na riƙa wuce Yendi ina danna masa hon. A Bawku ma na sa aka ɗan ƙara iskar. A sawu na biyar injin ya fashe a tsakiyar hawa, da tsakar rana. Doya ta kwana uku a zafi, rabinta ya ruɓe. Da matan suka tsare ni a Salaga, cikinsu har da waɗanda ke ciyar da marayu da wannan doyar, sai na ji bakina ya ce, "Aikin Masta ne. Idonsa ya tafi, hannunsa ya fara rawa."

Maganar ta riga ni isa Yendi. Da aka kai masa injin, ya kwance shi da kansa, ya daɗe yana juya notukan a hannu. Ya gyara, ya miƙo mini makulli. Daga nan motoci suka fara raguwa a ƙofarsa, kafin shekara biyu ya rufe rumfar. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa, ya tambayi yara. Har ciwon ajali ya kwantar da shi ban gaya masa gaskiya ba.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yadda ake aiki yau. Samari sun samu motoci masu turbo, ƙanana da manya, kowa yana son tasa ta fi ta wani. Gasket ya ƙone, a zuba wani ruwan kwalba a lagireto a ce ya toshe, ko a haɗa faifai biyu a lafta musu gam. Ba na zarginsu sosai. Babu mai jiran kwana huɗu yanzu, hanyar Bawku ma ba kullum take biyuwa ba, wanda ya samu sawu dole ya yi sauri. Ina jin Masta zai girgiza kai ne kawai, ya nemi benci ya zauna. Ni dai ba ni da bakin yi wa kowa faɗa.

Bayan ƙaramar sallar bana na je Yendi, na sami Yaya Fati tana tsince wake a tsakar gida. Na faɗa mata duka, tun daga hon har zuwa abin da na gaya wa matan. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Ya sani tun ranar da ya kwance injin. Ya ce notukan ba a taɓa su ba tun ɗaurinsa."

"To, Yaya, me ya hana shi faɗa?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi ya kusa ajiye aiki ko da ba wannan, kai kuma 'ya'yanka biyar, in matan nan suka ji gaskiya ba mai ƙara ba ka doya." Ta zubar da tsakuwar da ta tara. "Amma ya jira ka, Iddi. Duk sallah sai ya ce wataƙila bana."

Rumfarsa ta zama shagon sayar da waya, na'urar da yake feƙe tsagi da ita an sayar wa masu tsohon ƙarfe. Injinan da ya dasa wa waya, biyu na sani suna kan hanya har yau. 'Ya'yana biyar sun girma da doyar da aka ci gaba da ba ni. Abin da ya rage nasa ke nan, sai sunan da na ɓata. Direbobi da matan Salaga da suka ji maganata a wancan lokaci, waɗanda ke raye, ku ji wannan ma: hannun Masta Mumuni bai taɓa rawa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.