Baba Silvanus da Baƙin Ƙirjina

Jama'a, a gyara zama, a kama yara, masu keke su sauka su tura. Ga mutumin da ya fi kowa sanin cikin mutanen Kafanchan: Baba Silvanus Kambai, sarkin ɗakin duhu, wanda ya ƙirga haƙarƙarin attajiri da na lebura ya tarar duk ɗaya ne, wanda ya ga zuciyar fasto da idonsa bai kuma gaya wa kowa abin da ya gani ba. Shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitin mishan. Ba likita ba ne, amma mutanen ƙauye Dokta suke ce masa, shi kuma ya gaji da gyara musu.

Gajere ne, mai sanƙo, yatsunsa sun rine kamar na majemi saboda ruwan wankin hoto. A wani ƙauye kusa da Godogodo aka haife shi. Da ya gama aji shida ya zo gari ya kama aiki wurin Mista Nwachukwu mai hoto, kusa da tashar jirgi, ya yi shekara bakwai yana wanke hotunan amare da na 'yan kwayar majami'a. Da rikicin sittin da shida ya taso, Nwachukwu ya hau jirgi da iyalinsa, ya bar masa tasoshi uku da jar fitila. Wata sista Baturiya ta asibitin mishan ta ji labarin akwai mutumin da ke aiki cikin duhu ba ya ɓarar da komai, ta ɗauke shi. Daga baya aka tura shi Jos wata shida ya koyi injin hoton ƙashi. Tun daga nan ba wanda ya sake jin ya ce wa wani, "Yi murmushi."

Ni kuwa sunana Leonard, ɗan Afiniki mai tuyar ƙosai. Ni da makaranta mun rabu a fom biyu, ba faɗa aka yi ba, kowa dai ya gaji da kowa. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama Reluwe ta kira ni aikin juya wa jirgi layi. Aka ba ni takarda: sai likita ya ga hoton ƙirjina ya sa hannu, in mayar kafin sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba na bayana ya shiga. Mama ta riga ta ba da shaida a Zumuntar Mata ta majami'a cewa Allah ya amsa addu'arta.

Ranar Laraba na sa wandona mai faɗin ƙafa, na shafa mai, na taje gashi, na nufi asibiti. Hoto ai hoto ne. Kada ku yi mini dariya, duk wanda na tarar a benci haka ya yi. Wata mata daga Gwantu har sabon ɗankwali ta ɗaura, alhali ƙafarta za a ɗauka.

A baranda akwai waya da Baba yake shanya fim. Hotunan ƙirji biyu ne a rataye, na kuma san masu su, don suna zaune kusa da ni. Ɗaya na Aloysius ne, mai zuba kwal a injin jirgi, ya zo gwajin shekara. Ƙirjinsa baƙi ƙirin dama da hagu. Ɗayan na Malam Jonathan ne, katikis ɗinmu mai koyar da addini, wanda ya yi shekara talatin yana buga ƙararrawar sujada. Nasa akwai fari kamar gajimare a sama.

A majami'armu akwai wani zane da fasto ke ratayawa lokacin taron wa'azin falkaswa: baƙar zuciya a gefe ɗaya, fara a ɗayan. Sai na haɗa lissafi irin na ɗan fom biyu. Aloysius hayaƙi yake shaƙa kullum, ga shi baƙi. Malam Jonathan tsarki ne da shi, ga shi fari. Ni kuma shekarata biyu ina zuƙar taba a bayan shagon injin jirgi ba wanda ya sani. Wane likita zai sa hannu a kan baƙin ƙirji? Amma dabara ta zo: hayaƙin ai cikin iskar ƙirji yake zaune, in na fitar da iskar duka, ina zai ɓuya?

Aka kira ni. Baba Silvanus ya dubi rigata sau ɗaya.

"Cire."

Ya dafa ƙirjina da bayana da tafukansa biyu kamar mai tayin kabewa. Haka yake auna kaurin mutum kafin ya murɗa injin.

"Manna ƙirji a allo. Hannu a ƙugu. Ja numfashi sosai, ka riƙe."

Ya shige bayan katangar da ke kare shi daga hasken injin. Na ɗaga kafaɗu kamar mai jan iska, amma na matse ciki na fesar da komai, har na ga taurari. Injin ya yi ƙara ya yi shiru.

Ya shiga ɗakin duhu da fim ɗin, muka fara jin waƙar sujada ta cikin ƙofa. Agogon ɗakin ya daɗe da mutuwa, don haka da baitocin waƙa yake auna lokacin wanki. Yakan taɓa ruwan maganin da gwiwar hannu: in da ɗumi baiti uku, in da sanyi biyar. Baiti ɗaya ya ƙaru, hoto ya ƙone. Ba wanda ya isa ya yi masa magana yana tsakiyar baiti, har Baturiyar.

Ya fito ya ɗaga fim ɗin sama yana ɗigar ruwa. Fari-fari ne, hazo-hazo, zuciyata ta baje a tsakiya kamar ƙwarya.

"Halleluya!" na ce. "Baba, fari tas! Don Allah ka gaya wa Mama."

Ya sake duban fim ɗin, sannan ya dube ni.

"Ɗan Afiniki, me ka yi a gaban allo na?"

"Abin da ka ce, Baba."

"Ƙarya. Ƙirga haƙarƙari. Na ga bakwai, ya kamata in ga goma. Ina ka kai iska?"

Dole na kwance masa lissafina, har da zanen fasto. Ban ambaci taba ba. Bai yi dariya ba, matar Gwantu ce ta yi a madadinsa. Ya ja ni gefe, ya cire hoton Aloysius daga waya.

"Inji na bai san zunubi ba. Haske ne yana ratsa mutum ya faɗa kan fim. Inda ya wuce sauƙi, wurin ya yi baƙi. Iska ba ya tare shi, shi ya sa huhu mai lafiya baƙi ne. Ƙashi yana tare shi, ya fito fari. Nama tsaka-tsaki. Aiki na shi ne kowa ya bambanta da maƙwabcin shi. In na ba inji ƙarfi da yawa, duka ya ƙone. In na rage, duka ya zama kamu. Likita zai ga me a cikin kamu?"

"To na Malam Jonathan fa?"

Ya rage murya. "Malam ba zai koma gida yau ba. Gado za a ba shi."

Na waiga. Malam yana tari a hankali cikin hankici, hularsa a gwiwa.

"Naka kuma," in ji Baba, "in likita ya gani haka, zai ce zuciyar ka ya kumbura, huhu ya cika ruwa. Reluwe ba za su ba ka ko tsintsiya ba."

"To a sake, Baba."

"Da me? Babban fim ɗaya ya rage. Mota daga Jos sai wata mai zuwa. Wannan na mara lafiya ne, ba na mai wayo ba."

Na durƙusa, wandona mai faɗin ƙafa ya share masa baranda. Na kira shi Dokta, ya ƙara ɗaure fuska. Can ya ce in dawo gobe in zauna. In har aka tashi ƙarfe huɗu likita bai aiko da mai buƙatar hoton ƙirji ba, fim ɗin nawa ne. In an aiko, in je in gaya wa Mama da bakina.

Ranar Alhamis ban taɓa yi wa lafiyar mutanen ƙasarmu ta Kafanchan addu'a irin ta ranar ba. Duk wanda ya shigo ƙofar asibiti sai na kasa kunne. Wani ya faɗo daga bishiyar giginya, na ruga na tambaya, aka ce hannu ne, ƙaramin fim ya isa. Na ce, "Allah mun gode," ɗan'uwansa ya kusa marina. Wata tsohuwa daga Kauru ta yi tari sau biyu, na kawo mata ruwa da gudu ina ce mata, "Kaka, ƙura ce kawai, ko?" Ta ce goro ne ya sarƙe ta. Na sa mata albarka. Yawancin tarihin Baba da na ba ku a sama, a bencin nan na tsinto shi daga bakin masu shara, don shi in ka tambaye shi sai ya ce, "Wa ya aike ka?"

Ƙarfe uku da rabi aka turo wani ƙaton mutum a keken marasa lafiya yana dafe da ƙirji. Baba ya karɓi takardarsa ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, kamar mai karatun Littafi a gaban ikilisiya. Ashe kafaɗa ce ta goce, ƙaramin fim ya isa.

Ƙarfe huɗu ya kira ni. Wannan karon bai tafi bayan katanga ba sai da ya dafa haƙarƙarina ya ji sun buɗe.

"Ja. Ƙara. Kai, ba haka kake jan taba ba? Ja!"

Na kusa sakin numfashin don tsoro.

"Baba, inji ne ya nuna?"

"Hanci na. Riƙe!"

Baiti huɗu ya yi ranar. Fim ya fito baƙi dama da hagu, haƙarƙari goma farare a jere kamar layin dogo. Ban taɓa ganin baƙin abu mai kyau haka ba. Da safiyar Juma'a likita ya ɗaga shi jikin taga, bai kai minti ɗaya ba ya sa hannu. Na kai takardar tasha da sauran lokaci, aka ce in fara Litinin.

Daga tasha na wuce asibiti, na tsaya tsakiyar ɗakin hoto na buɗe hannuwa.

"Baba Silvanus! Yau ka ceci ma'aikacin Reluwe. Zan rubuta tarihinka, a karanta daga nan har Fatakwal, jikoki su san akwai mutum a Kafanchan da ya raba fari da baƙi!"

Bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba.

"To. Ɗaga ƙafar ka, ka taka waya."