Ƙwayoyin da Na Ɗauko a Illela

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokin aikina mai tsohuwar mota, muka nufi Illela. Masu bibiyata sun san aikina: wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, masana na kiransu ɗigon kwantam, in an haska su sai su mayar da jan haske. Haskensu ba ƙarfi, shi ne muke neman dabarar ƙara shi. Wani abokin karatuna ɗan Nijar da ke bincike a Turai ya sassaƙa mini gefe ɗaya na wani gilashi da ramuka jere, waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ya shimfiɗa ƙwayoyin a kai, ya taho da shi da ya zo ganin gida Konni, ƙetaren iyaka daga Illela. Wannan gilashi ɗaya shi ne digirina. Iska ko rana ta taɓa shi, shi ke nan.

Daga Kware zuwa Gwadabawa ba abin da ke tashi sai ƙaurin albasa, manyan motoci shaƙe da buhuna. Mun sha kunu da ƙosai a tsaye, ƙosan ya ƙanƙance kamar shi ma yana jin tsadar mai. Ba wanda ke son yamma ta riske shi a hanyar nan, don haka abokina yake ta taka mota yana salati a duk rami.

Illela kuwa babura ne ke mulki. 'Yan canji a jere, sefa a hannun hagu naira a dama, Hausa na gauraya da Faransanci. Muka haɗu da mutumina a gindin wata bedi, ya miƙo mini baƙar jaka liƙaƙƙiya cikin kula mai ƙanƙara, muka yi sallama a gurguje.

A shingen fita gari aka tsayar da mu. Jami'in ya nuna kular ya ce me ke ciki. Ni da bakina, bakin da ya saba da aji, na ce, "Ƙwayoyi ne, ranka ya daɗe."

Abokina ya dafe kai. A bakin iyaka, inda ake farautar masu safarar ƙwaya dare da rana! Kafin in gyara zance an ce mu fito, an zare makullin mota, jami'in ya ciro reza zai tsaga jakar a tsakiyar rana. Na riƙe hannunsa, abin da bai kamata ba, ina ta bayani, bayanin kuma na ƙara dagula lamarin, don duk jimlar da na ɗauko sai kalmar nan ta faɗo ciki. Mutane suka fara taruwa.

Dabara ta zo mini da na hango wani dattijo ɗan canji yana duba takardar kuɗi da 'yar fitilarsa mai shuɗin haske. Irin hasken da ƙwayoyina ke so ke nan. Na roƙi jami'in a buɗe baƙar jakar kaɗai, a inuwa, a bar farar ledar ciki da ake hango gilashin ta cikinta a liƙe, dattijon ya haska mana. Ya daɗe yana kallona kafin ya yarda. Duhu ne babu, sai abokina ya tuɓe babbar rigarsa, muka cusa kawunanmu ciki mu uku, ni da jami'in da dattijon, muna zufa.

Aka kunna fitila. Gefen gilashin da ba a sassaƙa ba ya yi ja dishi-dishi. Ɗaya gefen ya kama kamar garwashi.

"La ilaha illallahu," in ji dattijon. "Malam, mi kas sa ma wanga gefe?"

"Ba komai, Baba. Abu ɗaya ne, ramukan ne ke tattaro hasken su turo shi waje."

Shekaru ina lissafin wannan haske a takarda, ban taɓa ganinsa ba sai a ƙarƙashin rigar nan. Jami'in ya ce a ƙara haskawa, na ce don Allah a kashe, fitilar ma cin ƙwayoyin take yi a hankali. Ya ƙara kallo ɗaya, ya kashe da kansa, ya miƙo makulli.

"Malam," ya ce, "ka nemo wa abin nan wani suna."

Mun iso Sakkwato kafin la'asar, ban ko biya gida ba na wuce ɗakin gwaji. Hasken ya ɗan ragu, amma yana nan, zai kai ni inda nake so. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Tafiyar ta koya mini cewa ilimin da ba ka iya faɗarsa da harshen mutanenka ba, wata rana shi zai sa a ɗaure ka. Yanzu ko a aji ɗigon haske nake ce musu, ɗalibai na dariya, ni kuwa na san abin da na gani.