Musbahu da Tankin Jirgin Ammi Saleh

Duk wanda ya zauna unguwar Bani Malik ta Jidda a shekarun nan ya san Musbahu mai jirgi, ko da yake ko kwalekwale bai taɓa mallaka ba. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, ya zo aikin hajji a 1983 ya yi zamansa. Da yake a bakin ruwa ya tashi, ƙafarsa ta kai shi Abhur, can gaɓar teku, inda masu hali ke ɗaure jiragensu na shaƙatawa. Nan ya tsufa yana kankare gindin jirgi, yana shafa fenti. Abin takaici, jiragen da ya gyara sun sha fita teku, shi kuwa bai taɓa wuce bakin mashigi ba, don a nan masu gadin teku ke tare kowa su ce a nuna iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Musbahu ba shi da ita. Rashinta ne ke sa shi faɗa wa lungu in ya hango motar sintiri, da furfurarsa da komai.

Cikin jiragen da yake kula da su akwai wani tsoho mai tafiya da iska, na Ammi Saleh, wani dattijon Jidda mai fara'a da yawan "in sha Allah". Jirgin ya daɗe a ɗaure saboda wari. Tankin da ke tara ƙazantar bayan gida ya ruɓe a ƙarƙashin gadon kwana, kuma duk wanda aka kira sai ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce yana dawowa. Rannan Ammi Saleh ya dafa kafaɗar Musbahu ya ce, "Ya Hajj, ka raba ni da wannan musiba, ni zan zama kafilinka, in tsaya maka ka samu iƙama. In rubuta ka matuƙin jirgin nan, halas."

Musbahu ya koma gida bakinsa har kunne. Matarsa Mastura haifaffiyar Jidda ce, ta san mutanen garinta ciki da bai. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ya Abu Zakiya, wallahi kada ka taɓa tankin nan sai takarda ta shigo hannunka. Awwal iƙama, ba'aden aiki."

"Haba, dattijo ya buɗe baki ya yi magana, in ce masa ban yarda ba? A garinmu ba a yi wa babba haka."

"Nan ba garinku ba ne."

Bai ji ba. Kara ta hana shi, ita ce kuwa ta yi ta cin sa tun zuwansa ƙasar nan.

Aikin ya fi yadda ake faɗa muni. Sai da ya zuƙe abin da ke ciki da famfon hannu, ya ɗauraye, ya sake zuƙewa. Ya ɓalle katakon gado, ya kwanta rub da ciki a wani rami da ko yaro zai ji matsi, ga zafin Jidda, ga rashin iska. Tiyoyin sun bushe sun manne, sai ya zuba musu ruwan zafi kafin su saki, kuma kowanne ya saki sai ya yi masa tsaraba a hannun riga. Tankin kansa ya ƙi fita ta ƙofa, don tun ana ƙera jirgin aka gina shi a ciki. Da zarto ya yanyanka shi, ya fitar da shi gunduwa-gunduwa. Ya wanke wurin, ya shafa fenti, ya girka sabo na roba, ya canja kowane tiyo har da na numfashi, wanda ba wanda ya ce ya canja. Ai jirginsa ne zai zama, wa zai yi wa ha'inci?

A kwanakin nan ko a masallaci sai ya tsaya a ƙarshen sahu, don ya ga yadda ake kau da kai. Mastura takan goge masa hannu da lemun tsami da garin gahawa.

Ranar da ya gama, Ammi Saleh ya zo da wani baƙo mai farar riga. Baƙon ya sauka ciki, ya ɗaga katifa, ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya fito yana murmushi. "Ma sha Allah, ba ko ɗan wari." Suka tafa a gaban Musbahu. Ashe mutumin ya daɗe yana son jirgin, warin ne kawai ya hana shi saye.

Musbahu ya jira har baƙon ya matsa, sannan ya ce a hankali, kamar shi ne mai laifi, "Ya Ammi, maganar nan tamu fa?"

Dattijon ya buɗe hannuwa. "Ya Hajj, in rubuta ka matuƙin me? Ba ka ga jirgin ya bar hannuna ba? In sha Allah wata hanya za ta zo." Ya nuna guntayen tsohon tankin da ke jibge a gefe. "Waɗannan ka kawar da su, Allah ya yi maka albarka."

Musbahu ya yi baƙin ciki irin wanda bai taɓa yi ba, kuma har a lokacin bakinsa "amin" ya ce.

Sabon mai jirgi ya matsu ya gwada kayansa. Ya hau, ya daka wa Musbahu kira, "Yalla, ya Hajj, kwance mana igiya!" Musbahu ya durƙusa ya kwance, ya naɗe ta tsaf yadda ya saba, ya jefa masa. Ya tsaya yana kallo har jirgin ya isa wurin masu gadi, suka duba takardu, suka ɗaga masa hannu ya wuce. Sannan ya juya ya fara loda guntayen tankin a buhu.