Hajiya da Ciyawar Tsarki

Attahiru ɗan gidan malamai ne a Dogon Daji, sai dai karatu bai zauna masa ba. 'Yan'uwansa sun zama limamai da alƙalai, shi kuwa ya kafe a babin tsarki, shekara tara yana maimaita shi, har taubasansa suka laƙaba masa Malam Alwala. Gadonsa abu biyu ne: lambun albasa a bakin fadama, da wata saniya fara sol mai tafiyar ƙasaita, wadda ya raɗa wa suna Hajiya. Matarsa Marka takan ce in gobara ta tashi, Hajiya zai fara fitarwa, sannan ya leƙo ya tambaya ko akwai saura.

Da kuɗin fetur suka zo, manyan motoci suka cika hanyar Sakkwato, sai wani Ɗangiwa ya kafa rumfa a tudun da ke saman lambun. Aikinsa fasa tsofaffin batura, ya narka dalmar ciki, ya sayar wa masunta su ɗaura a bakin taru. Damina uku ruwa yana kwasar tokarsa yana juyewa a lambun Attahiru. Ɗangiwa ya naɗe kayansa ya yi Kebbe. Albasar da a da sai mutum biyu sun kama ɗaya, ta koma kamar ƙwayar gurjiya.

Malamin gona, wani saurayi Atiku da bai daɗe da dawowa daga kwas a ƙasar waje ba, ya zo daga Tambuwal a kan babur, ya ɗebi ƙasa a ambulan. Bayan wata biyu ya dawo da buhunan farin gari da ƙullin iri.

"Baba, dalma ta cikin ƙasarka," in ji shi. "Wanga garin dutse na, ziyolait, shi ka riƙe dafin kada ya bi ruwa. Wagga kuma ciyawar kuloba ta, ita ka tsarkake abin da ya rage. In ta girma ka yanke ka binne."

"In binne ciyawa? Ta rasu?"

"Ka dai binne, Baba." Ya buga babur ya tafi.

Attahiru ya barbaɗa gari har ya koma kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Ya shuka, ya yi ta ban ruwa, kuloba ta fito shar. Daidai nan bazara ta kama, daji ya ƙone, haƙarƙarin Hajiya ya fito har ana iya ƙirgawa daga masallacin Juma'a. Kullum sai ta tsaya a bakin shinge ta dubi koren nan, ta waiwayo ta dubi maigidanta.

Nan karatun shekara tara ya motsa. Ya ce wa Marka, "Yaron nan tsarkakewa yac ce. Abin da ka tsarkake wani kuwa, shi kansa mai tsarki na. Wanga babi ni ba a koya mani shi."

"To, Malam," in ji ta.

Ya riƙa tumɓuke ciyawar, da saiwa da ƙasarta, yana zuba wa Hajiya. Ta murmure, ta yi sheƙi, shi kuma yana zagaya gari yana cewa 'yan boko ɓarna kawai suka iya.

Kwana arba'in ke nan ta fara cizon haƙora. Yawu ya dinga zuba. Wata safiya ya tarar ta dafe goshi da bango, ta ƙi motsi. Ya kira ta, ta juyo wajen muryar, ta wuce shi ta yi karo da turmi. Idon ya tafi.

Aka aika wa Atiku. Da ya ga guntun ciyawar a sakarkarin da ake zuba wa Hajiya abinci, ya cire hula ya riƙe. Attahiru ya fara kawo masa hujjar babin tsarki. Marka ce ta katse shi a hankali, daga bakin ƙofa.

"Malam, ruwan da ka wanke najasa da shi, sha kaka yi?"

Attahiru ya zauna daɓas a ƙasa.

Mahauci ya iso da wuƙa, don a yanka kafin ta zama mushe. Atiku ya ce dalmar ta shiga jikinta, wanda ya ci naman ya ci dafi. Attahiru ya sallami mahaucin. Ya ɗora kan Hajiya a cinyarsa, yana kore mata ƙuda da gefen rigarsa, yana kiran sunanta don ta san yana nan, har la'asar ta yi, rai ya yi halinsa. Jakuna biyu suka ja ta zuwa bayan gari.

Shekara shida ya yi yana shuka kuloba yana binnewa, kafin albasa ta dawo hayyacinta. Bai sake ajiye ko akuya ba. Duk bazara makiyaya sukan tsaya a bakin shingensa da shanu ramammu, su roƙi ko dami ɗaya. Mutumin da bai taɓa hana kowa komai ba sai ya juya baya ya ci gaba da haƙa rami. Su ce masa marowaci, ya ce ya ji.