Gogen Kawu

Ni mutum ne mai son a ce na iya. Gara in faɗi haka tun farko, domin wannan halin ne ya ja min abin da har yau ban daina cizon yatsa a kansa ba.

A sashen kwamfuta na jami'ar da ke Wudil nake aiki, kuma a danginmu kaf ni ake kawo wa waya idan ta ƙi kunnuwa. Shekarun baya na kama wuri na kaina a rumbun ajiya na intanet, irin wanda za ka zuba hotuna da takardu da muryoyi su zauna a can, ko wayarka ta faɗa kogi ba abin da zai same su. Don burga na buɗe wa 'yan uwa ƙofa, na ce kowa ya zuba nasa. Ba su yi min kara ba. Kafin shekara ta zagayo rumbun ya koma bola: hoton biki ɗaya sau bakwai, hoton babban yatsan wani da ya tare kyamara, tallan maganin basir da wani ya tura bisa kuskure. Duk lokacin da na buɗe sai raina ya ɓaci.

Cikin masu zubawa har da 'yar kawuna, malamar firamare a Kausani. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, saboda haka abokiyar wasata ce, kuma ba ta taɓa raga min ba. Injiniyan caja take kirana. Ko a gaban baƙi sai ta ce duk karatun da na yi bai wuce in iya jona waya a bango ba.

Mahaifinta wan mahaifiyata ne, manomi, mutum mai ƙarancin magana. Mun taso muna ganinsa daga gona sai masallaci. Sai da na girma na ji ƙishin-ƙishin cewa a samartakarsa makaɗin goge ne, wanda har daga Ɗankaza ake zuwa ɗaukarsa biki. Tun kafin a haife ni ya ce ya tuba, ya fasa ƙoƙon gogen da hannunsa, ya hana a ta da zancen a gidansa. Ba wanda ya ta da.

Bayan rasuwar matarsa, ana raba kayanta, 'yar kawu ta tsinci wani tsohon kaset a ƙasan akwati, an naɗe shi cikin ɗankwali. Kiɗan mahaifinta ne. Ashe marigayiyar ta ɓoye shi duk tsawon zamansu. Da Kawu ya gani sai ya ce a ba shi ya ƙona, ba ya son abin ya ƙara kwana a gidansa. 'Yarsa ta roƙi kwana uku. Ta aro rakoda a wurin wani mai gyaran rediyo, ta kafa wayarta a bakin lasifika, ta naɗi gaba da baya. Bai hana ta ba, ya dai kau da kai.

Ta kira ni tana tambayar inda za ta adana, don wayarta ta cika har ba ta karɓar hoto. Na ce ta tura rumbu. Da ta tura na leƙa, na ga sabbin fayiloli biyu sun shigo da nauyinsu daidai, na ce mata ta share na wayar.

“Ka tabbata, Injiniyan caja?” ta ce.

“Ke dai kin cika ƙauyanci. Ko kogi ya cinye gadar Wudil, wannan yana nan.”

Ta share. A rana ta uku Kawu ya jefa kaset ɗin a murhu.

Da damina ta faɗi na yanke shawarar share bolar nan. A irin wannan rumbu kowane fayil ana iya liƙa masa alama, kamar yadda masu kai hatsi kasuwar Juma'a suke sa wa buhunansu lamba don kada su cakuɗe da na wasu. Ana kuma iya kafa wa rumbun doka a kan alamar. Ni na kafa cewa duk abin da ke ɗauke da alamar shara, idan ya cika kwana talatin, rumbun ya kawar da shi da kansa. Liƙa alamar da hannu, ɗaya bayan ɗaya, aikin makonni ne. Don haka na zauna na rubuta wani ɗan shiri na kwamfuta da zai bi fayilolin ya yi liƙin a madadina.

Tambayar ita ce ta yaya shirin zai gane shara. A nan ne wayona ya ci ni. Na daɗe da wata al'ada: duk fayil ɗin da na gama da shi sai in ƙara kalmar goge a sunansa, wato a goge shi. Abokan aikina da Turanci suke irin wannan, ni kuwa ina taƙama da cewa kwamfutata Hausa take ji. Sai na gaya wa shirin cewa duk inda ya ga haruffan nan huɗu a cikin suna, ya liƙa alamar shara.

Wanda teburinsa ke kusa da nawa, dattijo ne da ya riga ni fara aiki, ya leƙo ya ce in sa shirin ya fara jero min sunayen tukuna kafin ya taɓa komai. Na ji haushi, amma na yi. Jerin ya fito dogo. Na duba na saman, duk tarkacena ne. Ranar Juma'a ce, an kusa shiga masallaci, ina kuma son in biya bakin gada in sayi kifi kafin cunkoson 'yan kasuwa ya tare hanya. Ban gangara ƙasa ba. Na danna, shirin ya gama cikin ɗan lokaci, na rufe kwamfuta na fita ina jin kaina gwani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kwana talatin ɗin nan. Duk tsawonsu fayilolin suna nan, alama ce kawai a jikinsu, da na duba sau ɗaya da na cire ta cikin minti guda. Akwai ma wani tsari da ke sa rumbu ya riƙe abin da aka kawar na ɗan lokaci, ko da mutum zai yi nadama. Ban kunna shi ba, a ganina tara shara ne ta bayan gida. Da wa'adin ya cika na ga wuri ya buɗe, har na kira dattijon nan na nuna masa.

Bayan an gama girbi Kawu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita ko ƙofar gida. Wata safiya 'yarsa ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Baba ya sallami masu dubiya ya tambaye ta ko abin nan da ta ɗauka a waya yana nan. Akwai wani kiɗa a bayan kaset ɗin, na biyu, wanda ya yi wa mahaifiyarta lokacin da yake nemanta. Shi yake son ji, sau ɗaya.

Ranar Asabar na hau babur da kwamfuta a jaka, har da ƙaramar lasifika da na aro. Muka daɗe muna gaisawa da mutanen gida, sannan na zauna a ƙarƙashin rumfa na buɗe rumbu, 'yar kawu tana tsaye a kaina tana tsokanata wai in yi sauri kafin cajina ya ƙare. Na nema ban gani ba. Na sake nema. Na tambaye ta sunan da ta sa wa fayilolin.

“Wane suna kuwa zan sa? Gogen Baba na ɗaya, gogen Baba na biyu.”

Na buɗe bayanin da shirin ya ajiye na ayyukansa, na gangara can ƙasa, inda ban duba ba ranar Juma'ar nan. Suna nan a jere, kowanne da alamar shara a gefensa, da ranar da aka kawar da shi. A baki ba Bahaushen da zai rikita gogen kiɗa da goge allo. A rubuce kuwa abu ɗaya ne, kuma ni na san haka tun ina aji ɗaya.

Na yi mata bayani ina inda-inda. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na ji sauƙi. Ta ce, “Malam, tashi ka gaya masa da bakinka.” Ba ta taɓa ce min Malam ba sai ranar.

Na shiga na durƙusa a gefen katifarsa. Na gaishe shi, ya amsa, yana kallon jakar da ke hannuna. Na faɗa masa gaskiya, ban ɗora wa na'ura laifi ba. Can ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, da ma shi ya fara ƙonawa.

Sai ya rufe ido ya fara rera kiɗan da hanci, a hankali, yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan bargo. 'Yarsa ta jingina da bango tana hawaye. Ya yi nisa kaɗan, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa daidai wurin, ya sake tsayawa. Ya dubi 'yarsa, ta girgiza kai, ta ce sau ɗaya ta ji, ranar da take naɗa, kuma kuka bai bar ta ta riƙe ba.

Ya juyo gare ni.

“Kai da ya yi watanni a hannunka, ɗan nan, ɗora min daga nan. Ya aka yi gaba?”

Ya zuba min ido yana jira, da gaske yake tambaya. Ni kuwa ban taɓa buɗe fayilolin ba ko sau ɗaya. Nauyinsu kawai na duba.